Littafin aikina da ajin Turanci: daga jimla ɗaya zuwa shafi guda

9 ga Satumba

Na buɗe wannan littafi ne saboda na san halina. In ban rubuta ba, a ƙarshen zango ranakun da darasi ya yi armashi kaɗai zan tuna, in manta da waɗanda na fito aji ina share gumi. 'Yan ajin nawa shekarunsu 12 zuwa 13, tsakiyar matakin nan da ke tsakanin firamare da babbar sakandare, inda manhaja ta ɗauka yaro ya riga ya iya karatu, saura ya riƙa karantawa don ya ƙaru. Abin da na ɗora wa kaina shi ne kafin hutun Disamba kowannensu ya rubuta shafi guda da Turanci, ya faɗi ra'ayinsa a kan abin da muka karanta, ya kawo hujja daga cikin rubutun. Shafi guda tak.

Yau na gwada su ɗaya bayan ɗaya da ɗan gajeren labari. Yaron da ke zama bakin taga ya zuba karatu tiryan-tiryan, ya tsaya a aya, ya ja numfashi a waƙafi, har na ji a raina na samu wanda zan riƙa nuna wa baƙi. Da ya gama na rufe takardar na ce ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya dubi rufin aji, ya dube ni, ya ce, "Malama, in sake karantawa?" Ya sake, da kyau kamar na farko. Amsa dai babu.

12 ga Satumba

Na gama gwajin. Abin da Philip Gough da William Tunmer suka rubuta a 1986 ya tsaya mini a rai duk makon nan: karatu shi ne iya furta rubutacciyar kalma, a ninka shi da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Ninkawa suka ce, don haka in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Yaron bakin taga yana da na farko, na biyun ne ya yi ƙaranci. Irinsa ne suka fi yawa a ajin.

Akwai kuma huɗu da abin nasu ya juya. In na karanta musu da baki, sukan ba ni labari har da abin da ban tambaya ba, amma in na miƙa musu takarda sai su cije a kalma mai gaɓa uku. Ban ga laifinsu sosai ba. Harshe ne mai haruffa 26 da aka ɗora wa sautuka kimanin 44, kuma "though" da "through" da "tough" sun yi tarayya a haruffa huɗu na ƙarshe, amma kowace da furucinta. Waɗannan huɗu za mu riƙa zama minti 15 kafin a shiga aji, sau uku a mako.

18 ga Satumba

Yau na sha ƙasa, kuma ni na jawo.

Na kawo musu rubutu mai shafi ɗaya a kan birnin Pompei na Italiya, wanda dutsen Besubiyos ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Na zaɓe shi ne don jimlolinsa gajeru ne. Na koya musu "dabarar gano babban saƙo" yadda littafin malami ya tsara: duba jimlar farko, ja layi ƙarƙashin kalmomin da aka maimaita. Suka ja layi, wasu har takarda ta huje. Da na tambayi me ya hallaka mutanen garin, wata ta ce gobara, wani ya ce yaƙi. Ashe kusan rabin ajin ba su da hoton dutse mai aman wuta a kansu. Kalmar sun ji ta, amma ba su san toka na iya zubowa daga sama yini guda har ta rufta rufin gida ba. Wanda bai san wannan ba, wane layi zai ja ya gane?

Da dare na koma kan binciken Donna Recht da Lauren Leslie na 1988 a Amurka. Sun ɗauki yara 64 sa'o'in nawa, suka ba su rubutu a kan wani ɓangare na wasan besbol, suka ce su nuna abin da ya faru da 'yan gumakan katako a kan ƙaramin fili. Yaran da karatunsu ke da rauni amma suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba. Na daɗe da sanin wannan bincike, na ma taɓa kawo shi a taron malamai ina kaɗa kai, ga shi na shiga aji na yi kamar ban taɓa jin sa ba.

Shawarar da na yanke: ba zan riƙa tsalle daga wannan batu zuwa wancan kowane mako ba. Za mu zauna a Pompei har ƙarshen zango. Rubutu na biyu zai hau kan na farko, na uku ya hau kan na biyu.

25 ga Satumba

Mako guda babu tambayoyin auna fahimta. Taswira, hotuna, zanen cikin dutse a allo, da surutu mai yawa. Abin da ya kama su shi ne aikin Giuseppe Fiorelli, wanda a 1863 ya fara zuba ruwan filasta a cikin ramukan da gawawwaki suka bari a taurarriyar toka, siffar mutum ta fito yadda ya faɗi. Aji ya yi tsit. Sai wani daga baya ya tambaya ko akwai yara a cikinsu. Na ce akwai.

Na mayar musu da rubutun ranar 18 ba tare da na sauya ko harafi ba. Yaron bakin taga ya ba ni labarinsa daga farko har ƙarshe, da Turancinsa mai karyewa.

2 ga Oktoba

Kalmomi. Na daina ba da jerin ashirin a haddace don shiftar ƙarshen mako, domin na lura ranar Litinin sun bi iska. Marcella Hu da Paul Nation sun nuna a 2000 cewa mai karatu na bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai cikin sauƙi, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Na ƙirga wa wata ɗaliba baƙin kalmominta a sakin layi ɗaya, na daina ƙirgawa da na kai tara. Jerin ashirin a mako ba zai cike wannan rami ba.

Na koma kan saiwa. Na rubuta "erupt" a tsakiyar allo, na kewaye "rupt", na ce daga Latin take, ma'anarta fasawa ko karyawa. Na tambayi wa ya san wata kalma mai wannan gutsure. Shiru. Can wata ta ce "interrupt", tana dariya, domin ita ce kalmar da na fi jifanta da ita in ta katse ni. Na ce to, me mai katse magana yake yi? Ta ce yana fasa ta a tsakiya. Daga nan "disrupt" ta fito, "corrupt" ta fito, wani ya kawo "bankrupt" yana tambaya ko banki ne ya fashe. Bai yi nisa da gaskiya ba.

Na ɗan kauce hanya na gaya musu dalilin da ya sa Turancin littafi ya bambanta da na hira. Bayan da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuwa na coci da ilimi, shi ya sa abu ɗaya kan sami suna uku: "ask" na gida, "question" daga Faransanci, "interrogate" daga Latin. Littattafan makaranta suna son na biyu da na uku. Kaucewar ta ci mini minti goma, ban yi da-na-sani ba.

Ɗafa-goshi huɗu za mu bi a watan nan, wato "un", "re", "in" da "dis". Su kaɗai sun kwashe fiye da rabin kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan makaranta.

10 ga Oktoba

Mun shiga wasiƙar Filini Ƙarami, marubucin Rum da ya ga fashewar Besubiyos da idonsa, a fassarar Turanci da na rage wa tsawo. Yana ɗan shekara 17 lokacin da dutsen ya fashe, yana zaune a Misenum, tsallaken gaɓar tekun Napoli, kimanin kilomita 30 daga wurin. Mahaifiyarsa ce ta fara nuna wani gajimare da misalin ƙarfe ɗaya na rana, wanda ya kwatanta da wata bishiya mai dogon jiki da kai a baje kamar laima. Kawunsa, Filini Babba, shi ne kwamandan jiragen ruwan Rum a wurin, mutum mai ƙwaƙwar sanin komai. Ya sa a shirya jirgi ya je ya gani kusa, ya ce wa yaron ya zo su tafi. Yaron ya ce a'a, ya fi son ya ci gaba da karatunsa, kuma kawun ne da kansa ya ba shi aikin rubutu.

Nan aji ya fashe da dariya. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ke nan aikin gida ne ya cece shi?" Na ce ya rubuta wannan a bangon littafinsa.

Amma a nan ne kuma na gano wani gizo da ban san yana saƙa ba. Wasiƙar cike take da "he", ga mutum biyu masu suna ɗaya, ga abokin kawun da ya sauka wurinsa, ga matuƙin jirgi. Na tsayar da karatu a wata jimla na ce wane ne "he" a nan? Hannuwa suka tashi da amsa uku daban-daban. Duk tsawon shekarun nan ina zargin manyan kalmomi, ashe wani lokacin kalma mai harafi biyu ce ke jefar da yaro a hanya. Muka ɗauki fensir, kowane wakilin suna muka ja masa kibiya zuwa mai shi. Sakin layi biyu kawai muka ci a darasin gaba ɗaya. Tsarin aikin zango ya ce ya kamata a ce muna babi na gaba.

17 ga Oktoba

Abokin aikina mai koyar da ajin da ke gaba da nawa ya tare ni a ɗakin malamai. Ya girme ni a aikin da shekaru masu yawa, kuma shi zai gaji yaran nan baɗi, don haka yana da bakin magana. Ya ce, "Malama, na leƙa littattafan yaranki ban ga nahawu ba. Tarihi kike koya musu ko Turanci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, nahawun yana ciki, ba a ware shi ba ne." Ya ce abin da ba a ware ba ba a gwada shi, abin da ba a gwada ba kuwa yaro ba ya riƙe shi.

Ban ce ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Jarrabawa za ta tambayi sunayen sassan jimla, dole su san su. Amma na gaya masa abin da Steve Graham da Dolores Perin suka tarar a 2007, da suka tattara bincike a kan koyar da rubutu ga yara daga aji huɗu zuwa sha biyu a tsarin Amurka: koyar da nahawu a ware, a yi ta rarrabe suna da aikatau, bai gyara rubutun yara ba, amma atisayen haɗa gajerun jimloli su zama ɗaya ya gyara. Ya ce bincike daban, aji daban. Muka rabu a haka, ya tafi da jan birona bisa kuskure.

Abin da nake yi kuwa dabara ce da aka fi dangantawa da malamar nan ta Amurka, Judith Hochman. A ba yaro rabin jimla ɗaya sau uku, ya ƙarasa ta da "because", da "but", da "so". Na rubuta musu cewa Filini Babba ya tuƙa jirgi ya nufi dutsen, su ƙarasa. Ba yadda za a yi yaro ya cike gurbin nan bai fahimci labarin ba, kuma a minti biyu ina zagayawa na ga wanda ya gane da wanda bai gane ba. "Because" ta zo musu da sauƙi. "But" ce ta tona asiri: da yawa sun rubuta abin da ke goyon bayan rabin farko, ba su ji cewa kalmar na juya akalar magana ba.

24 ga Oktoba

Kwana biyu ba darasi saboda wasannin makaranta. Da suka dawo kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. An sake "but" daga farko.

6 ga Nuwamba

Na karɓi sakin layinsu na farko ranar Litinin, na kwana biyu a kansu. Kowane kuskure na kewaye shi, na rubuta gyara a gefe, na sa maki a sama. Da na raba, na tsaya ina kallo. Kowa ya dubi makinsa, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya ninke takarda ya tura jaka. Yarinyar da ke zama layin gaba, wadda na cika wa gefen takarda da bayani, ko juya ta ba ta yi ba. Dare biyu na barcina ke nan a cikin jakunkuna.

Ruth Butler ta gwada wannan a 1988 da yara 'yan aji biyar da shida: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kawai ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi ba su fi masu maki kawai ba, makin ya haɗiye sharhin. Na ga haka da idona a minti ɗaya.

Daga yau daftarin farko ba maki. Abu ɗaya zan rubuta wa kowa, wanda zai iya gyarawa nan take, kuma minti goma na farkon darasi na gyaran ne, a gabana. Kurakuran da suka game aji, irin su ɓatan "s" a aikatau in mai aikin mutum ɗaya ne, da tsalle daga shuɗaɗɗen lokaci zuwa na yanzu a tsakiyar labari, a allo za mu yi su tare da jimlolinsu na gaske, ba tare da sunan mai jimla ba. Ga nahawun abokin aikina nan, ta ƙofar baya.

Hannuna na ƙaiƙayi in na ga kuskure na wuce shi, ba zan ɓoye ba.

14 ga Nuwamba

Muhawara: kawun jarumi ne ko mai ganganci? Hujja tana ɓangarorin biyu. Ya fara shiri ne don son gani, amma da saƙon neman ceto ya iso daga wata mata mai suna Rectina da ke zaune gindin dutsen, sai ya fitar da manyan jirage don kwaso mutane. Da matuƙi ya ba shi shawarar su juya, ya ƙi. Da ya sauka a Stabiae, wani gari a bakin teku kusa da Pompei, ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta har ana jin minsharinsa daga waje, toka na taruwa a tsakar gida. Daga baya suka fita da matasan kai ɗaure a ka saboda duwatsun da ke faɗowa, ya rasu a bakin teku.

Na yi wa kaina doka yau. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malami kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya kafin ya amsa wa kansa ko ya kira wani, kuma in ya kai uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu magana su ƙaru. Na riƙa ƙirgawa a zuci har biyar. Daƙiƙa biyar a gaban yara masu kallonka doguwa ce ƙwarai.

A irin wannan shirun ne wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a gaban aji ba sai a kiran suna ta ɗaga hannu rabi. Tana cikin huɗun nan na safe. Ta ce, a hankali, tana neman kalmomi: wanda ya rubuta wasiƙar ai bai je ba, a gida ya zauna, to wa ya gaya masa kawun ya yi minshari? Kuma kawunsa ne, zai faɗi abin kunya a kansa?

Na ajiye alli. Wasiƙar an rubuta ta ne wajen shekara 25 bayan abin, zuwa ga masanin tarihi Tasitus, wanda ya nemi labarin rasuwar kawun don ya sa a littafinsa. Ban gaya musu wannan ba tukuna, na tanade shi sai mako mai zuwa, a darasin da na sa wa suna "wa ke magana, kuma me yake so". Ta riga ni isa. Sauran lokacin ya tafi a kan tambayarta, masu cewa jarumi suka koma cikin wasiƙar suna neman inda marubucin ya faɗi daga wa ya ji.

21 ga Nuwamba

Daftarin shafi guda ya shigo. Matsalar da ta fi yawa: hujja a wurinsu ita ce a kwafo sakin layi sukutum daga wasiƙar a dasa a tsakiya, a wuce. Wani ya kwafi layi bakwai, nasa biyu ne. Na kafa ƙa'ida: abin da aka ɗauko kada ya wuce kalma goma, kuma dole jimlar da ke biye ta fara da "this shows". Na san ƙa'ida ce mai sa rubutu ya yi kama da juna, kamar an buga da hatimi ɗaya. Zan janye ta a zango na biyu in ƙafa ta yi ƙwari.

Yaron bakin taga ya rubuta cewa kawun jarumi ne "but" ya makara wajen jin tsoro. Na karanta jimlar sau uku. Akwai kuskuren rubutu biyu a cikinta, na bar su sai zagaye na gaba.

2 ga Disamba

Inda muke: mafi yawan aji suna kan daftari na biyu, kuma shafin nasu yana da ra'ayi a sama da hujja aƙalla biyu. Kammalawa ce ba su iya ba, sai su maimaita jimlar farko harafi da harafi. Ban taɓa wannan ba tukuna.

Inda na gaza shi ne zaman safe. Daga sau uku a mako ya koma sau ɗaya tun tsakiyar Nuwamba, saboda gyaran takardu ya cinye ni. Biyu daga cikin huɗun sun matsa, suna fasa doguwar kalma gaɓa-gaɓa ba sa jiran in faɗa musu. Yarinyar muhawara kuwa har yanzu rubutunta bai kai rabin shafi ba, kuma sai na sa ta karanta mini kafin in gane wasu kalmomin. Jiya na zauna kusa da ita, ta faɗa da baki na rubuta mata, shafi ya cika har ya juya baya. Na ba ta ta kwafa da hannunta. Ban tabbata ko wannan ya cika sharaɗin da na kafa ranar 9 ga Satumba ba, na dai rubuta shi a nan yadda ya faru.

Abokin aikina ya dawo mini da jan biro, ya kuma nemi in ba shi daftari biyar ya duba a ƙarshen mako. Na zaɓo masa biyu masu kyau, biyu matsakaita, da na yarinyar muhawara. Ranar Alhamis za mu karanta wasiƙa ta biyu, wadda Filini Ƙarami ya ba da labarin yadda shi da mahaifiyarsa suka gudu cikin duhu, tana roƙonsa ya bar ta ya tsira shi kaɗai. Sai na rage mata tsawo a daren nan, in kuma ƙirga "she" nawa ke ciki.